Hayaƙin Gidan Burodi Na Auna, Ba Duniya Ba

Anti, don Allah ki cece ni, kwana biyar ke nan ina cikin damuwa.

Ni malamar kimiyya ce a sakandare. Ina da 'yar na'urar hangen nesa da nake kafawa a saman ɗakin gwaje-gwajenmu. Ina cikin wata ƙungiya ta masu auna hasken taurari. Idan wata duniya ta gifta gaban tauraronta, haskensa kan ɗan ragu, wannan raguwar muke farauta.

To, sau huɗu na ga hasken wani tauraro ya ragu, duk bayan kwana uku. Nan da nan na tura wa ƙungiya awon. Shugaban makaranta ya sanar a gaban ɗalibai, suka yi ta tafi. Babana kuwa, har mai gyaran takalmi sai da ya gaya wa 'yarsa ta gano duniya.

Sai ranar Talata ina saman nan, ƙauri ya bugi hancina. Gidan burodin da ke bayan katangarmu ne ya hura babban murhunsa, hayaƙin yana bi ta daidai inda na saita na'urar. Na tambayi mai gidan, ya ce ai duk kwana uku suke hura shi. Anti, ashe hayaƙin ne ke rage hasken tauraron.

Mako mai zuwa ƙungiya za ta miƙa awona ga masana. In yi shiru ne? Da wane ido zan kalli Baba?

Malama mai fargaba

Ƙanwata, ja numfashi. Kuskure kika yi, ba ƙarya ba. Amma kika bari awon nan ya tafi alhali kin sani, ya zama ƙarya. Masanan za su sake aunawa da nasu kayan, kuma su babu gidan burodi a bayansu.

Ba na raina tsoronki. Za a yi miki dariya, wasu ma da mugunta. Sai dai dariyar ba ta wuce mako biyu, zubewar amana kuwa tana daɗewa.

Yau ɗin nan ki rubuta wa ƙungiya yadda kika rubuto mini. Gobe ki sami shugabanku a ofis kafin ya ji a bakin wani. Baba kuma ki zauna kusa da shi ki faɗa masa da kanki. Zai ji babu daɗi, amma 'yarsa yake so.

Sannan ki sauya wa na'urarki mazauni, ki ci gaba da aikinki. Allah ya kwantar miki da hankali, ya ba ki sa'a.