Rabin Maganin Baba

Sifawa, Boɗinga
Farkon watan Rajab

Zuwa ga yayana Maniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Safinatu da yara, da kuma aiki a can Fatakwal. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen magana, tun muna yara haka kake.

Ka san binciken digirina a kan ƙwayar cutar nan ne da ke zama a tumbin mutum tana haddasa gyambon ciki. Wata da watanni ina yawo ƙauyukan Boɗinga da Shagari, ina roƙon mutane su ba ni bayan gidansu a 'yar roba in kai ɗakin gwaji. Har suna matan Dingyaɗi suka laƙa mini, ba zan faɗa maka shi ba don na san halinka. To, Baba ma na gwada shi, da ƙyar, sai da Inna ta sa baki. Cutar tana nan. Ita ce ta hana shi azumi shekara uku, abin da ya fi ciwon ma damunsa. Likitan da muke aiki tare ya rubuta masa magani kala uku na mako biyu, ni na kai masa da hannuna, na yi ta bayani har ya ce na ishe shi.

Makon jiya na sake gwada shi. Yaya, cutar ba ta tafi ba. Ciwon ya dawo, ya rame, furar da Inna ke dama masa ma sai ya kurɓa ya ture. Na tambaye shi maganin, ya ce babu abin da ya rage, kuma ka san Baba ba ya ƙarya. Likita ya ce a kai shi Sakkwato a zura masa na'ura ta maƙogwaro a duba, don a shekarunsa rama irin wannan tana iya zama ciwon daji. Wallahi ina jin tsoro. Inna ba ta sani ba, kada ka kira ta da muryar nan taka mai tayar da hankali.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Rashida

Mandera, Shagari
Tsakiyar watan Rajab

Yaya Maniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Safinatu, da fatan tarin ɗanka Kamal ya yi sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta wannan. Ban san ko dariya za ka yi ko faɗa ba, ni dai duka biyun na yi.

Da farko, alhamdu lillahi, ba daji ba ne. An duba shi a Sakkwato, gyambo ne kawai. Da likita ya faɗa mini sai da na nemi benci na zauna. Baba kuwa abin da ya dame shi a lokacin shi ne an hana shi karin kumallo.

Amma ban daina tunanin abin da ya hana maganin aiki ba. Na ɗauka mun gamu da irin cutar da ba ta jin magani ne, har na faɗa wa malamina, shi ma ya ce akwai mutanen da sakamakonsu ya fito haka cikin waɗanda na gwada.

Makon jiya ina nan Mandera, ina raba robobi a ƙofar gidan mai gari, sai ga Malam Bawa. Ka tuna shi, aminin Baba, wanda suke zama kusa da juna a layin masu albasa na kasuwar Boɗinga tun kafin a haife mu. Ya zo da kwandon albasa a bayan keke, ya sauke a gabana, ya shiga sa mini albarka. Wai maganina ya fi duk jiƙon da ya taɓa sha, ya samu kwanaki yana barci lafiya, sai dai ciwon ya dawo, ko zan ƙara masa. Na ce ni ban taɓa ba shi magani ba. Ya yi dariya ya ce ai duk ɗaya ne, tunda ta hannun Baba ya iso.

Yaya, ashe Baba rabawa ya yi. Ya sha na 'yan kwanaki ya ji dama, ranar kasuwa ya ga Malam Bawa ya dafe ciki bayan sun ci abinci, sai ya ciro maganin daga aljihu ya raba biyu daidai, kowane kala, ya miƙa masa.

A ranar na hau mota zuwa Sifawa, ina tafe ina shirya faɗan da zan yi. Na same shi a zaure. Ko kaɗan bai ji kunya ba. Ya ce tun suna samari suna ban ruwa a fadama, goro ɗaya bai taɓa shiga bakinsa ba tare da Bawa ya samu rabi ba, to ta yaya zai haɗiye sauƙi shi kaɗai, mutumin yana murƙususu a gefensa. Na yi masa bayani cewa rabin magani ba ya kashe wannan cuta, sai ma ya koya mata juriya. Na gaya masa irin kwanakin da na yi ina zaton zan rasa shi. Ya sunkuya yana kallon tabarma. Na ɗauka haƙuri zai ba ni. Ashe abin da ya tsinta cikin duk maganata shi ne Bawa ma bai warke ba ke nan. Nan take ya ce shi fa ba zai sha wani sabon magani ba sai an ba Bawa nasa.

An gwada Malam Bawa, yana da ita. Likita ya canza musu haɗi, tunda na farko ya riga ya lalace. Yanzu Malam Bawa ya tare a zaurenmu na mako biyu, maganin yana hannun Inna, safe da yamma tana tsaye a kansu har sai sun haɗiye. In ka ji yadda dattawan nan ke ƙorafin ɗaci, ka ce su Kamal ne.

Ni ma na ƙaru. Da, tambayar da nake yi wa mutane ita ce ko maganin ya ƙare. Yanzu ina tambaya da wa da wa aka sha. Jiya wata Shatu ta ce ita da maƙwabciyarta da surukarta, tana faɗa tana murna. Malamina ya ce wannan babi ne guda a littafina, ni kuwa ina jin da zufa na saye shi.

Ka gaida kowa da kowa.

Taka,
Rashida

Sifawa, Boɗinga
Cikin watan azumi

Yaya Maniru,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fatan kuna lafiya, Allah ya karɓi ibadunmu. Dabinon da ka aiko ya iso, Inna tana godiya.

Gajeren labari ne yau. An sake gwada su ana gobe azumi, su biyun babu cutar. Likita ya ce Baba ya ɗauki azumi, in ya ji wani abu ya ajiye. Da na faɗa masa sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Ranar farko ban iya aikin komai ba. Ina ta leƙa zaure, har ya ce in ban daina ba zai koma masallaci ya zauna. Bai dafe ciki ba ko sau ɗaya. Da la'asar Malam Bawa ya iso daga Mandera, wai ba zai bari Baba ya sha ruwan farko bayan shekara uku ba tare da shi ba. Na sa su wanke hannu da sabulu, suka yi mini tsiya, suka wanke.

Da aka kira magariba ni na kai musu kunu, Inna tana bayana. Faranti cike da dabinonka yana gabansu, ya isa mutum goma. Baba ya ɗauki guda ɗaya, ya tsaga shi biyu, ya miƙa wa Malam Bawa rabi, sannan ya kai nasa baki. Inna ta juyo tana kallona, tana jiran in yi magana. Wannan karon sai na koma cikin gida da sauri kafin su ga idona.

Yau azumi na sha biyu, Baba bai sha ko ɗaya ba. Ya ce ka zo sallah da yara, kuma ka taho wa Bawa da hula irin tasa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rashida