Na'urar Maigidana Ta Kori Inna Daga Falo

Anti Surayya, ki taimake ni kafin in ɗauki taɓarya in yi wa wata na'ura rotse.

Ni malamar sakandare ce a Wurno, na kusa ritaya. Maigidana manomin albasa ne, mutumin kirki, sai dai bana albasa ta yi kyau, shi ko ya kamu da ciwon sauti. Ya tafi Sakkwato ya dawo da sifiku biyar da akwati biyu na rarraba musu sauti, waɗanda yake kira risiba. Mai shagon abokinsa ne, ya ce masa ya gwada duka biyun ya riƙe guda. Ɗaya da hannu ake saita ta. Ɗayar tana da ɗan makirufo, wai ita ke auna ɗaki ta gyara sautin da kanta.

Ranar awon, Anti, sai ka ce jarrabawa nike tsaro. An kashe fanka, an hana daka, an kora awaki bayan gida. Ya ɗora makirufon bisa kushin ɗinsa, abin ya yi ta ƙugi kamar injin ban-ruwa ya shaƙi yashi. Akuya ta yi kuka, aka sake daga farko.

To wa ke zama bisa kushin a gidanmu in ba shi ba? Mu duka a kafet muke. Mahaifiyarsa, Inna, a kusurwa take zama, ta miƙe ƙafafu ta jingina da bango saboda ciwon baya. Nan take jin labarai da tafsiri, nan jikoki ke hawa jikinta, nan take yi wa 'yan fim faɗa kamar suna jinta. Tun da anka yi awon nan, babu abin da ke isa kusurwar sai gunji. Na zauna wurin da kaina, maganar mutum kamar daga cikin rijiya. Inna ta yi ta tambayar mi anka ce, har ta ji kunyar tambaya. Yanzu ta daina fitowa. Tana ɗakinta ita kaɗai, tana gaya wa masu zuwa gaishe ta cewa kunnenta ya mutu, tsufa ya gama da ita.

Na yi masa magana, wai na'ura ba ta kuskure, injiniyoyi sunka ƙera ta. Na karanta littafin da ta zo da shi kaf, wanda shi ko ledarsa bai ɓare ba, amma wai ni adabi na karanta, mi na sani. Uwarsa ce fa! Ni dai so nike ya mai da mai makirufon ya riƙe ta hannun. In tsaya a kan haka?

Wadda ta ƙule, Wurno

AMSA

'Yar'uwa, ajiye taɓaryar. Fushinki yana kan hanya, amma kin kama wanda ba shi da laifi. Na'urar ta yi abin da aka sa ta: an nuna mata kushin, ta gyara wa kushin. Kusurwar bango kuwa ko da wace risiba tana tara gunji, musamman a ɗakin da ba labule. In ya riƙe ta hannun, wa zai saita ta? Shi, yana zaune a kushin ɗin nan.

Maigidanki ma ba mugunta ya yi ba. Ya yi noma, ya so ya ji daɗi, kuma daga inda yake zaune komai lafiya lau. Ki daina jayayya da shi a kan injiniyoyi. Ki roƙe shi, cikin ladabi kuma ba a gaban yara ba, ya zauna a wurin Inna har a gama labarai. Kunnensa zai gaya masa abin da ya ƙi ji daga bakinki.

Sannan ku riƙe mai makirufon, muddin tana bari a gyara da hannu bayan awo. A matso da shimfiɗar Inna daga kusurwa kaɗan, a sa mata matashin jingina. A sake awo da makirufon daidai tsayin kunnenta a zaune, sannan a auna sauran wuraren. A ƙara ƙarfin sifikar tsakiya, ita ke ɗauke da magana, a rage na sifikar da ke fitar da gunjin, a rataya labule mai kauri. In an yi haka tana ta wahalar ji, ku kai ta a duba kunnen, ba laifi.

Amma duk wannan zai iya jiran gobe. Yau ki shiga ɗakinta ki gaya mata ke ma kin zauna a wurinta ba ki ji komai ba. Tsohuwa tana can tana makokin kunnen da wataƙila lafiyarsa ƙalau, ke kaɗai kika san haka.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sanyaya zuciyarki.