Gurasar Otabek

Alhamis, 12 ga Oktoba

Uwani ta iso Tashkent. Taron masu auduga ne ya kawo ta, kuma wai dole in kai ta Samarkand ranar Asabar ta ga gine-gine. Shekara goma sha ɗaya rabona da ita, tun muna katanga ɗaya a Funtuwa, amma abin da ta fara ce mini a ƙofar otal shi ne, "Ke Ladidi, haka kika rame? Ba sa ba ki abinci ne?" Ko sannu babu. Na yi murna da ganinta, wallahi na yi, har da hawaye. Bakin nan nata ne kawai nake tsoro.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Maigidana Sherzod yana da aiki a asibiti, ba zai bi mu ba. Ya ce mu sauka a gidan mahaifiyarsa, in muka kama otal a garinsu Oyijon, haka muke kiranta, ba za ta yafe ba. Gaskiyarsa ne. Shekara tara nake lallaɓa matar nan. Shekara ukun farko ko sunana ba ta kira, sai dai "baƙuwar nan". Bara ne ta fara ce mini 'yata, ta ba ni makullin ɗakin ajiya a gaban sauran surukanta. Ba zan bari kwana biyu su rushe mini wannan ba.

Na zaunar da Uwani na karanta mata dokoki. Ba a kife gurasa, ba a yanka ta da wuƙa, ba a zubar da ita a shara ko ta bushe. In aka zuba miki shayi rabin kofi girmamawa ce, kada ki ce a cika. Ta ce, "To Malama, ki rubuta mini a allo in wanke in sha."

Asabar, 14 ga Oktoba

Jirgin ƙasa awa biyu da 'yan mintoci, kuma duk taragon ya san Uwani ta zo. A dandalin Registan ba ta kalli komai da idonta ba, waya ce a sama, tana nuna wa 'yan Funtuwa. A kasuwar Siyob ta yi ciniki da mai zabibi da Hausa zalla, "Haba Baba, ka ji tsoron Allah!" kuma abin haushi ya rage mata. Ni shekara goma sha ɗaya ba a taɓa rage mini haka ba. A matakalar maƙabartar Shahi Zinda ta zauna tana haki, ta ce waɗannan mutane ko kabarinsu sai an sha wahala.

Oyijon ta yi mata osh, dafa-dukansu, da hannunta, naman rago har ya fi shinkafar yawa. Ta kuma ba ta ɗakin Otabek, autanta, wanda ya tafi Rasha aikin gini shekara huɗu da suka wuce, shekara biyu ke nan ba a ji ɗuriyarsa ba. Babu wanda ya taɓa kwana a ɗakin nan, ko ni.

Da na rusuna na miƙa wa Oyijon shayi, hannun hagu a ƙirji kamar yadda ake yi, sai Uwani ta ce da Hausa, tana murmushi don kada a gane, "Iye, Ladidin da ko tsintsiya ba ta ɗagawa a gidansu. Ashe kin iya." Na haɗiye. A gidan mutane nake.

Lahadi, 15 ga Oktoba, da hantsi

Innalillahi.

Uwani ta ba kaji gurasar Otabek.

Ranar da zai tafi ya ciji gurasar nan sau ɗaya, Oyijon ta rataye ta a ƙusa a bangon ɗakinsa, don rabonsa ya ja shi ya dawo ya ƙarasa ta. Haka ake yi wa duk mai tafiya mai nisa. Shekara huɗu tana nan. Duk Juma'a Oyijon na goge mata ƙura da gefen ɗankwalinta.

Ita kuma uwar iyayi ta tashi bayan asuba wai za ta taya aiki. Ta share ɗaki, ta ga busasshiyar gurasa da cizon wani a jiki, ta sauke, ta farfasa da taɓarya, ta jiƙa a kwano, ta kai bayan gida. Na fito na same ta tana "kur-kur-kur" tana jin daɗi. Na ga ƙusar ta taga, ba komai a jiki. Na ce, "Uwani, me kika yi?" Ta ce, "Ba ke kika ce ba a zubarwa a shara ba?"

Ni na ce. E, ni na ce. Amma wa ya aike ta? Wa ya ce ta taɓa bangon mutane? Baƙuwar kwana ɗaya!

Oyijon ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta durƙusa a cikin kashin kaji da tsufanta tana tsince ɓarɓashin da ya rage, tana zubawa a tafin hannu. Na je zan taya ta, ta janye hannunta. Ko kallona ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta rufe.

Na ja Uwani bayan itacen inabi na faɗa mata duk abin da ke bakina. Na ce tun muna yara haka take, kome sai ta sa hannu, kome ita ta fi kowa sani. Na ce shekara tara ta zuba wa kaji. Da na gaya mata ma'anar gurasar sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Bai dame ni ba. Ta yi ta zama.

Lahadi, a jirgi

Kujerar Uwani na kusa da tawa, amma na koma can baya. Gara in rubuta da in shaƙe ta.

Bayan azahar Oyijon ta fito. Uwani ta ce sai ta ba da haƙuri da bakinta, ni in fassara. Ta durƙusa har ƙasa. Ta ce ba ta sani ba, na fassara. Ta ce da ta sani da hannunta ya karye kafin ya kai bangon, na fassara. Da ta tsaya nan da an rabu lafiya. Ina! Sai ta ce, "Gaya mata na san irin wannan jiran, don kullum ina ganinsa ta kan katanga. Gaya mata Innarki har yau ba ta bari a ci abinci a kwanonki mai shuɗin baki, yana cikin kabad, duk sati sai ta wanke shi."

Na ce, "Wannan ba zan fassara ba." Ta ce, "Sai kin fassara, ko in yi da hannu." Oyijon ta dube ni karo na farko tun safe, ta ce, "Me ta ce? Kada ki rage komai, ina ganin fuskarki."

Na faɗa. Ban san abin da ya sa ban yi ƙarya ba, ba mai kama ni.

Oyijon ta ce, "Yaushe rabonki da mahaifiyarki?" Na ce muna waya da sallah. Ta ce, "Ba waya na tambaye ki ba." Na ce shekara goma sha ɗaya. Ta ce Sherzod ya gaya mata ina zuwa duk bayan shekara biyu. To, shi ma ya ji da tasa ƙaryar. Ta kalle ni ta ce, "Ke kina da rai, kina da ƙafa, kin san hanya." Ta miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe makullin take so. Ta ce kada in sake taka gidanta sai na je na ga uwata na dawo.

Ita kuma mai laifin, har ƙofa ta raka ta, ta shafa mata kai, ta cusa mata gurasa biyu masu zafi a jaka. Ita aka yafe wa, ni aka kora. Wannan wane irin adalci ne?

Litinin, 16 ga Oktoba

Uwani ta kira sau bakwai. Ban ɗaga ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Sherzod ya ce ba zai sa baki ba, wai mahaifiyarsa in ta faɗi magana ta faɗa. Na ce sannu, jarumi. Kowa ya manta yadda aka yi. Baba ne ya ce in na auri wanda ba a san asalinsa ba kada in ƙara shigar masa gida. Na yi zuciya, na ce to. Da ya rasu shekara uku da suka wuce na sayi tikiti, na kai har filin jirgi, na dawo. Da wane ido zan kalli Inna? Wannan Uwani ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta sani ba, don ba ta taɓa tambaya ba. Ita dai a ba ta baki.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ta tafi. Ban raka ta ba. Ta bar saƙo a waya, na saurara sau ɗaya don in ji ko akwai sabon rashin kunya. Wai gurasar kuskure ce, za ta yi nadamarta har ta mutu, amma maganar kwano da gangan ta yi, kuma ko gobe za ta sake. "In kin ga dama ki daina yi mini magana, Ladidi. Da ma shekara goma sha ɗaya ba yi kike yi ba." Ji min 'yar rainin hankali.

Na saurara sau uku.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Yau Juma'a. Ban san me Oyijon za ta goge a ɗakin nan ba. Na kira ta, ƙanwar Sherzod ce ta ɗauka, ta ce tana barci. Ƙarfe goma na safe. Matar da ke tashi kafin kaji.

Talata, 24 ga Oktoba

Fasfona saura wata biyar ya ƙare. Dubawa kawai na yi, ina neman wata takarda ce a akwatin.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na je kasuwar Chorsu sayen albasa, na dawo da mayafin ulu mai ruwan toka da silifa mai laushi na tsofaffi. Sai da na zo gida na ga ban san ko za su shige ta ba. Ban san lambar ƙafar uwata ba.

Ban yafe wa Uwani ba, kada ma ta ɗauka. Layi ɗaya na tura mata, ba sallama: wace lamba Inna take sawa?

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta amsa. Talatin da takwas, amma in sayi arba'in, ƙafafun suna kumbura yanzu, tun bara ba ta iya zuwa ko bakin titi.

Ba wanda ya gaya mini. Ni ma ban tambaya ba.

Talatin da bakwai na saya. Gobe zan koma in canza, daga nan in biya ofishin jirgi, tunda hanya ɗaya ce.