Hotona a Kan Tsohuwar Gada

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Baba fa, yana shan maganinsa, ko sai an bi shi da shi shago? Ni jikina ƙalau, raina ne a ɓace, kuma ke kaɗai zan iya amayar wa.

Ranar Asabar makaranta ta kwashe mu, mu ɗalibai baƙi, zuwa ƙauye ganin kayan tarihi. Akwai rusasshiyar fada a kan tsauni, da tsohuwar gadar dutse, da wani injin niƙa da ruwan kogi ke juyawa tun zamanin kakannin kakanninsu. Don injin nan na shiga motar. Kin san Baba da injina. Tun da na ba shi labari a waya yake cewa in duba masa yadda haƙoran katako ke cin juna ba sa karyewa.

Ashe matar ofishin baƙi, wadda muke kira Madam Murmushi, ta taho da mai hoto. Muna sauka ta cafke hannuna. Tsaya nan, ɗaga kai, gyara mayafi, kalli sama kamar kina mamaki. Mamakin me, Yaya? Bango ne fa ya faɗi! Sauran ɗalibai suka shige wurin injin, aka sakar masa ruwa, ina jiyo rugugin daga nesa, ni kuwa an kafe ni a kan gada ina yaƙe haƙora, iska na yanka min kunne. Na ce zan bi su, ta ce, "Ɗaya kawai, 'yata, rana ba ta jira." Kafin in isa, mai gadi ya datse ruwan ya garƙame ƙofa. Ta ramin makulli na leƙa, duhu kawai na gani.

Wannan ma da sauƙi. Yau da safe sai ga ni manne a bangon ɗakin karatu, hoto ya kai girman ƙofa, an rubuta a ƙasa da yaren mutanen nan wai ban taɓa ganin wutar lantarki ba sai da suka buɗe min duniya. Ni! 'Yar mutumin da rabin janaretocin unguwa suka bi ta hannunsa! Gobe zan je ofishin.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Baba. Na ji daɗi ƙwarai da ƙafar ta yi sauƙi.

Na je. Madam ta tarbe ni da murmushin nan nata, wai ai don a tausaya wa irinmu aka rubuta. Na ce ta nuna min ranar da na faɗa mata haka. Ta hau kame-kame. Na ja kujera na zauna, na ce nan zan wuni. 'Yan ɗakinmu suka zo suka zauna su ma, har shugaban sashe ya fito. Kafin la'asar an sauke hoton, an goge shi a shafin makaranta na intanet, an ba ni haƙuri a gaban mutane.

Ina dawowa ina huci, sai ga saƙonki. Wai ɗan Kawu ya riga ya gano hoton a shafin, ya wanko shi har da rubutun, ya sa a firam, Baba kuma ya rataye shi a shago saman teburin sifanu, yana nuna wa duk wanda ya kawo gyara! Yaron nan da shegen karambani, shi da ba ya jin yaren, wa ya aike shi? Idan wani mai karatu ya shigo ya fassara wa Baba a gaban abokansa fa?

Da farko cewa na yi a ƙona shi. Amma kin ce har goge gilashin Baba yake yi da hularsa. To don Allah ki je lokacin da ya fita salla, ki buɗe firam ɗin, ki sa almakashi ki yanke rubutun tas. Ki bar masa hoton. In ya tambaya, ki ce firam ɗin ne ya matse shi.

Ɗan Kawu kuwa, ki ce masa ina nan dawowa.

Taki har kullum,
Auta