Kak Ka Tada Motag Ga

Yaya Mainasara,

Ka yi haƙuri, ban tsaya ka dawo daga Tursa ba. Na bi motar gyaɗa zuwa Sakkwato neman baƙin mai.

Don Allah kak ka tada motammu. Ko masu albasa sun cika ƙohwar gida suna roƙo, kak ka bari a tura ta.

Jiya a Goronyo baƙin mai yay yi ƙasa. Wani mai tebur yan nuna man wani cikin gwangwani mai ƙyalli, yac ce irin shi Di'o, Baturen mulki, ka zuba ma sabuwar motatai. Da na murza shi ga yatsa naj ji shi tsinkakke awa ruwa, amma nac ce abin da ya ishi motar Bature ai ya ishi tamu, naz zuba. Ashe tsohon inji mai kauri shika so, wanga bai riƙe shi.

Kahin mu kawo Wurno hayaƙi ya turnuƙe, allurar mai ta kwanta, inji sai bugawa shikai. Ban san mi ya lalace ciki ba, Yaya.

In na dawo mu juye tsinkakken man duka, mu zuba mai kauri, mu ga abin da Allah zai yi.

Na san halinka, za ka ce bari ka ji kukan da kunnenka. Kak ka ji. Kukan nan irin kakarin da Baba yay yi na, ranar da yac cika.

Ƙanenka,
Isa