Gidan Kwalin Hayatu

Daga unguwar Alkalawa.

Umair,

Ƙanena, bayan gaisuwa. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun mai keke. Na duba ƙarƙashin gado, babu ɗan gidan kwalin da mijina marigayi Hayatu ya haɗa, samfurin gidan da ya yi niyyar gina mana. Kai kaɗai ka shiga ɗakina. Ka dawo min da shi yau.

Addarka, Raliya.

Daga unguwar Bekaji.

Adda,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni na ɗauka. Gara ta riga ta cinye bayansa, ke ko leƙa shi ba kya yi. Ni da abokina Othniel muna gina garin wasa a kan tebur, inda ƙananan robot ɗinmu, mutum-mutumin roba, ke yaƙi, kuma sai da dogayen benaye wasan ke daɗi. Na raba gidan uku, na ɗora wani kan wani da gam, na sa tsani da gada, na babbaka gefe ɗaya don ya yi kamar an jefa bom. Duk wanda ya gani sai ya yaba hannun Hamma Hayatu. Ai ya fi a bar wa gara.

Ki huta lafiya. Umair.

Umair,

Na amsa gaisuwarka don Allah kawai. Ka babbaka? Mutumin nan da ciwo a jikinsa ya zauna yana yanka tagogin da reza, yana tambayata inda nake son ɗakin girki. Filin ma danginsa sun sayar. Abin da ya rage min ke nan, kai kuma da gemunka ka mai da shi wurin faɗan 'yan tsana. Gara ba ta san ni ba. Kai a bayana ka girma.

Raliya.

Adda,

Ina gaisuwa. Ba ki taɓa gaya min haka ba. Na auna komai, zan iya yanka sabon kwali in mayar da shi yadda yake.

Umair.

Umair,

Kada ka kuskura. Ba hannunka nake nema ba. Aiko shi yadda yake.

Raliya.

Umair,

Ya iso, da ƙaurinsa. Na tarar da robot ɗaya maƙale a ɗakin girkina. Ba zan ba mai keke ba. In kana so, ka zo da ƙafarka.

Addarka.