Mai Gajerun Hannaye

Baffa Munsif,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Yaya ƙafarka, yaya mutanen shagon gahawa?

Ina lafiya a birnin Marsiliya, sai dai ban yi ƙawa ba tukuna. Jiya na ga sabon teburin wasan ƙwallon ƙarfe mai aiki da lantarki, mai dogayen hannayen buga ƙwallo. Na ture shi da ƙugu yadda ka koya mini, take ya mutu, aka yi mini dariya.

Mama ta ce za ka sayar da tsohon teburinmu mai gajerun hannaye. Kai ke cewa, "Dursaf sarkin gaggawa, gajeren hannu ke koya haƙuri." Ina koyo. Don Allah ka bar shi har hutu, in sake jin ƙararrawarsa.

Allah ya ƙara lafiya. Ka yarda in sake rubutowa?

'Yarka,
Dursaf